Faifan DVD Na Gida Ya Ƙi Yi: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini da Amsoshinsu

Shekaru da dama ke nan ina sana'ar tace bidiyo da buga faifai a wani ɗan shago a Sabon Garin Zariya. Kasuwar ta ja baya tun da waya da filas suka karɓe fage, amma har yau ba a rasa mai shigowa da faifai a naɗe cikin leda ko tsohuwar jarida: na biki, na suna, na saukar karatu, na tafsirin azumi, na bikin yaye ɗalibai a Samaru. Kukan kusan ɗaya ne kullum, faifai ya ƙi yi. Na ga an yar da na'ura mai lafiya saboda faifai guda, na kuma ga an karya faifan da abin da ke cikinsa yana nan daram. Shi ya sa na tara tambayoyin nan wuri ɗaya.

Faifan da nake nufi shi ne emti, wato faifan da ba komai a kansa, da aka sayo aka ɗora wa abu da kwamfuta ko rikoda ko kyamara, abin da 'yan sana'a ke kira bonin. Wanda aka buga a masana'anta kuwa zan riƙa ce masa faifan kamfani.

Na sa faifai, na'ura ta yi ta juyi tana "Loading", can sai ta rubuta "No Disc". Ta ina zan fara?

Kada ka fara da mai gyara, kada kuma ka fara da sayen wani emti. Laifin ba ya wuce wuri uku: ko faifan kansa, ko yadda aka buga shi, ko na'urar. Rabe su kuwa ba ya cin ko sisi.

Samo faifan kamfani wanda ka san yana yi, ka sa a na'urarka. In shi ma ya ƙi, na'urar ce, ka bar faifanka ya huta. In ya yi, ɗauki naka ka leƙa maƙwabta a gwada a tasu. Ya yi a can? To idon na'urarka, wato ɗan gilashin da ke karanta faifai, ya fara rauni, ko kuma ba ta jituwa da irin wannan emti. Ya ƙi a can ma? Sai a kai shi kwamfuta. In ta buɗe shi ta nuna fayiloli, matsalar ta tsarin bugu ce, kuma tana da magani. In ita ma ta ce babu komai, juya faifan ka karkata shi wajen haske. Cikin emti shunayya ne, kuma inda aka yi rubutu launinsa yakan ɗan bambanta da inda ba a taɓa ba, za ka ga iyakar ta zagaya kamar zobe. Ganin zoben nan na nufin an rubuta wani abu, mai yiwuwa rufewa ce ba a yi ba. In launin bai ɗaya ne tun daga rami har baki, ko dai faifan cike yake taf, ko kuwa ba a taɓa ɗora masa komai ba.

Faifan kamfani yana yi lafiya lau, na gida kawai take ƙi. Me ya raba su?

Ƙirarsu. Kowane DVD fallaye biyu ne na roba, kowanne kaurin milimita 0.6, aka manne su wuri ɗaya. A faifan kamfani, tun a masana'anta aka danna bayanan a jikin robar, ƙananan ramuka ne, aka shafe su da ƙarfe mai ƙyalli. Emti kuwa rini ne a tsakiyarsa, hasken leza na kwamfuta ke ƙona shi ɗigo-ɗigo don ya yi kama da waɗancan ramuka. Ɗigon da aka ƙona bai cika kai ramin da aka danna fitowa sarai ba. Sabuwar na'ura ba ruwanta da wannan bambanci. Wadda ta kwana biyu kuwa tamkar dattijo ce da idonsa ya fara: manyan baƙaƙen allo yana karantawa, rubutun da tawadarsa ta koɗe sai ya gagara. Abin da ke fara gagarar ta shi ne faifan da ake gogewa a sake rubutawa, mai alamar RW, domin hasken da yake mayar wa ido ya yi ƙasa sosai da na sauran. Daga shi sai emti na yau da kullum. Na kamfani shi ne na ƙarshe da za ta daina gani.

Yana yi a kwamfuta, amma ya ƙi a DVD na falo.

Wannan ta fi kowace tambaya zuwa, kuma galibi ba abin da ya sami faifan. Ɗora bidiyo a faifai iri biyu ne, mutane da yawa ba su san da haka ba.

Na farko, ka kwashi fayil daga waya ko kwamfuta, MP4 ko makamancinsa, ka zuba a emti kamar yadda kake zubawa a filas. Wannan faifan ajiya ne. Kwamfuta za ta buɗe shi domin tana da manhajojin da ke gane kusan kowane fayil. Na biyu shi ne DVD na ainihi, wanda saboda shi aka ƙera na'urar falo. Shi sai an juya bidiyon zuwa tsarin bidiyo mai suna MPEG-2, an tsara shi cikin folda mai suna VIDEO_TS, da fayiloli iri uku. Akwai VOB masu ɗauke da hoto da sauti, kowanne bai wuce gigabait 1 ba. Akwai IFO masu gaya wa na'ura inda za ta fara da inda kowane babi yake. Sai BUP, wanda kwafin IFO ne na ko-ta-kwana. Buɗe faifanka a kwamfuta ka duba. In ba ka ga VIDEO_TS da buɗewar farko ba, to a wurin na'urar falo wannan ba DVD ba ne, ko da an rubuta DVD ɓaro-ɓaro a bayansa.

Akwai kuskuren da ɗalibai ke yawan yi. Sun sami VIDEO_TS ɗinsu daidai, amma sai su jefa ta cikin wata folda, a sa mata suna "Bikin Anti", sannan a buga. Na'ura ba ta shiga ɗaki bincike, bakin ƙofa kawai take dubawa. Wasu kuma su bar foldar a inda ya dace amma su buga ta a matsayin faifan ajiya. Wata na'urar za ta haƙura ta yi, wata ta ƙi, domin DVD na ainihi yana son a jera fayilolin bi da bi a kan tsarin UDF 1.02. Manhajar bugu ta san wannan, matuƙar ka zaɓi DVD-Video tun farko.

Za ka ce ai ta maƙwabcinka tana kunna fayil kai tsaye. Haka ne, na'urori da yawa, musamman masu tambarin DivX ko ramin filas, suna kunna AVI da MP3 da hotuna. Sai dai akasarinsu a tsarin bidiyo na DivX da Xvid suka tsaya, da hoton da faɗinsa bai wuce ɗigo 720 ba. Bidiyon wayar yanzu H.264 ne ko H.265, faɗinsa 1280 ko 1920 ko fiye. Shi ya sa za ka ga sunan fayil a allo, ka danna, ta ce ba ta san shi ba, ko murya ta fito allo na baƙi ƙirin.

Maganin shi ne a sake bugawa ta hanyar da ta dace. Manhajojin DVDStyler da DVD Flick kyauta ne, suna juya bidiyo su tsara VIDEO_TS da kansu. Masu manhajar Nero su nemi sashen bidiyo, ba na "Data" ba. ImgBurn gwana ce wajen bugu, ita nake amfani da ita, amma ba ta juya bidiyo. Abin da ka ba ta shi za ta rubuta. Wanda ya saba da Windows DVD Maker ya sani a Vista da Windows 7 take, daga Windows 8 aka cire ta. In kuma Windows ta tambaye ka yadda kake son amfani da emti, kada ka zaɓi wanda ya ce kamar filas. Na'urar falo ba ta cika karanta wannan ba.

An ce mini ba a rufe faifan ba. Mene ne rufewa?

Bayan an gama ɗora bidiyo, sai an rubuta wa faifai fihirisa a farko da alamar ƙarshe, yadda kowace na'ura za ta san iyakar abin da ke ciki. Shi ne rufewa, a allo za ka ga "Finalize". Kwamfuta takan bar faifai a buɗe in an zaɓi za a ƙara wani abu daga baya. Rikodar DVD da kyamara kuwa ba sa rufewa sai an ce su rufe. Faifan da ba a rufe ba yakan yi a injin da ya buga shi, ya ƙi a ko'ina.

Wata Hajiya daga Tudun Wada ta taɓa kawo mini ƙananan faya-fayai uku, irin na santimita 8 da kyamarorin Sony da Panasonic na da ke ci, kowanne gigabait 1.4, wajen rabin awa na hoto. Walimar saukar ɗanta ce, mai gidanta ya ɗauka da hannunsa, ga shi Allah Ya yi masa rasuwa. Ta ce, "Malam, duk inda na kai sai a ce mini babu komai a ciki." Na karkata ɗaya wajen ƙofa, ga zoben rubutu ya kusa kaiwa baki. Na ce, "Hajiya, kyamarar tana nan?" Ta ce tana cikin akwatinsa, ba wanda ya taɓa. Washegari ta dawo da ƙaninta riƙe da kyamarar da cajarta, muka jona a wuta, muka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Da muryar mai gidan ta fito yana cewa yara su matso gaba, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na fita waje na ba ta wuri.

Saboda haka a nemi injin da ya buga faifan, ko irinsa sak. A jona shi da wuta, kada a dogara da batir, don in ya mutu ana tsakiyar rufewa faifan na iya lalacewa. In injin ya ɓata, manhaja irin IsoBuster takan tsamo bidiyon a kwamfuta. Abu ɗaya ne ba a yi: in kwamfuta ta ce faifan yana bukatar "Format", kada ka yarda. Fitar da shi.

DVD-R ko DVD+R, wanne zan saya?

In za ka raba wa jama'a ne, ba ka san irin na'urar da ke gidan kowa ba, sayi DVD-R. Shi ya riga fitowa, kamfanin Pioneer ya kawo shi a 1997, DVD+R ya biyo baya a 2002 daga rukunin su Philips da Sony, don haka tsofaffin na'urori sun fi sanin na farko. In DVD+R ne a hannunka, akwai dabara: ImgBurn tana iya canza masa "Book Type", wato alamar da ke gaya wa na'ura irin faifan, ya koma DVD-ROM, sai tsohuwar na'ura ta ɗauke shi na kamfani, muddin injin bugun kwamfutarka ya yarda da hakan. RW na gwaji ne, ka buga ka duba ka goge. Mai hawa biyu, wanda aka rubuta DL da 8.5 GB, ba na ba da shawararsa ga na'urar da ta tsufa, domin yakan cije daidai inda ido ke sauya hawa, a tsakiyar kallo. Gara ka raba bikin gida biyu, kamu a faifai ɗaya, ɗaurin aure da wuni a ɗaya.

Kallo yana tafiya sumul, sai an zo ƙarshe hoto ya fara farfashewa yana sarƙewa. Babu karce kuma.

DVD daga ciki yake farawa, wajen rami, ya yi ta zagayawa zuwa baki. Ƙarshen bidiyo yana gefen faifai ke nan. Can ne yatsu ke taɓawa, can ne rinin emti mai araha ba ya shafuwa daidai, can ne kwamfuta ke kai ƙarshen gudunta in tana bugu, kuma in faifai ya ɗan lanƙwashe can abin ya fi nunawa.

Wata shekara na karɓi aikin walimar wata Islamiyya, kwafi masu yawa na iyayen yara. Emtin da na saba da shi ya yanke, na sayi wani tuli mai sauƙin kuɗi a kasuwa, na buga da cikakken gudu don a samu kafin Juma'a. Na duba farkon biyu ko uku, suka yi, na miƙa. Ba a yi mako ba iyaye suka fara dawowa. Daidai inda ake kiran yara ɗaya bayan ɗaya ana miƙa musu shahada, nan hoto ke tsayawa cak, wurin da kowa ya biya kuɗi don ya gani. Na sake buga su duka daga aljihuna. Tun daga ranar ba na miƙa faifai sai na tsallaka zuwa minti goma na ƙarshe na kalla, a wata tsohuwar na'ura da na ajiye musamman don haka. In ya yi a cikinta, zai yi a yawancin gidaje.

Abin yi: kada a cika faifai har wuya, a tsaya wajen gigabait 4. A rage gudun bugu. A sa alama a "Verify" don kwamfuta ta sake karanta abin da ta rubuta ta gwama da na asali. A kuma duba nauyin hoton. Tsarin DVD ya yarda hoto ya kai megabit 9.8 a daƙiƙa, amma na'urar da idonta ya gaji ba ta iya haɗiye haka daga emti. 6 zuwa 7 ya isa bidiyon biki. Game da emti kuwa, araha ba ta ado. Sunan da ke bayansa ma ba hujja ba ne, domin masana'antun da ke yin emti kaɗan ne, masu manna suna ne da yawa. ImgBurn tana nuna lambar masana'anta da zarar ka sa faifai. In ka dace da wanda ke yi maka kyau, riƙe lambar, ba hoton kwalin ba.

Da wane gudu zan buga?

4x ko 6x, in ka matsu 8x. Cikakken faifai a 4x yana cin wajen kwata na awa, a 16x wajen minti shida. Minti taran da kake son ka rage su ne za su sa ka sake aikin gaba ɗaya, sauri ya haifi nawa. Amma kada a zarce a ce 1x ko 2x ya fi. Emtin da aka yi don 16x ba lallai ya ji daɗin wannan jan ƙafar ba. Kuma a bar kwamfuta ta yi aikin ita kaɗai har ta gama.

An rubuta 4.7 GB a faifai, fayil ɗina 4.5 ne, kwamfuta ta ce ba wuri.

Lissafi ne ya bambanta. Masu yin faifai suna ƙirga dubu-dubu, Windows tana ƙirga 1024. Abin da suka kira 4.7 a wurinta kimanin 4.37 ne, 8.5 kuma kimanin 7.95.

Hoto ya fito baƙi da fari, wani lokaci yana gudu sama.

Fara da wayoyin baya. Rawaya ta hoto ce, ja da fara na sauti. A bayan na'urori da yawa akwai wasu ramuka uku, kore da shuɗi da ja, na wani tsarin hoto dabam. In yara sun zare waya suka mayar da rawayar cikin kore, hoto zai fito amma ba kala. Ka duba duka ɓangarorin biyu, na DVD da na talabijin.

In wayoyi daidai suke, to batun PAL da NTSC ne, wato tsare-tsaren hoton talabijin guda biyu. Najeriya PAL take bi, ɗigo 720 a 576, hoto 25 a daƙiƙa. Amurka NTSC, 720 a 480, hoto kusan 30. Manhajoji da yawa a NTSC suke zuwa, mai bugu bai lura ba ya danna. Sababbin talabijin suna cin duka biyu, tsohuwa mai ƙeya ita ke nuna rashin yarda. Shiga "Setup" na na'urar ka mayar da tsarin talabijin PAL, ko ka duba rimot, wasu suna da maɓalli mai N/P. In allo ya yi baƙi gaba ɗaya ko hoto ya rabe biyu, wataƙila an kunna "Progressive Scan" ne alhali da wayar rawaya kake amfani.

Ko lambar yanki ce ta hana shi?

Da wuya. Najeriya tana yanki na 5, Amurka na 1, Ingila da Saudiyya na 2, amma wannan kulli, mai hana faifan wani yanki yi a na'urar wani yankin, na faifan kamfani ne. Wanda aka buga a gida ba a sa masa.

Hoto na yi, murya babu. Ko kuma baki na motsi, magana na biyowa daga baya.

In babu murya sam, danna maɓallin "Audio" a rimot, ƙila akwai layin sauti fiye da ɗaya kuma ta hau wanda ba ta iya fitarwa, kamar DTS. In za a sake bugawa a zaɓi tsarin sauti na AC-3, shi kowace na'ura ta sani. Sautin DVD kuma a 48 kHz yake, ba 44.1 irin na CD ba. Rashin daidaituwar baki da murya kuwa, musamman wanda ke ƙaruwa in kallo ya yi nisa, daga waya yakan samo asali. Waya ba ta riƙe adadin hotuna ɗaya a kowace daƙiƙa, tana ragewa in haske ya yi ƙasa, kamar wurin kamu da daddare. Kafin a tsara DVD, a fara bi da bidiyon ta manhajar HandBrake a tsayar da shi a hoto 25 a daƙiƙa, ba hawa ba sauka.

Fuskoki sun yi tsawo, amarya ta rame a hoto.

An buga hoto mai faɗi, 16:9, an ce wa faifan 4:3 ne, ko kuma na'urar ba ta san irin talabijin ɗinka ba. Ka shiga "Setup" ka zaɓi 16:9 in mai faɗi ce, 4:3 in tsohuwa ce. Bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye kuwa dole ya fito da baƙi dama da hagu. In aka ja shi don ya cika allo, kowa sai ya koma gajere mai faɗi.

An ɗauke wuta ana tsakiyar bugu. Faifan zai gyaru?

In DVD-R ne ko DVD+R, ya tafi, ɗauko wani. RW ana gogewa a sake. Shi ya sa laftof mai batir ta fi kwamfutar tebur a wannan aiki, in ba kana da UPS ba. Na'urar falo ma tana jin raunin wuta: in ka lura sarƙewar ta fi yawa lokacin da fanka ke juyawa da ƙyar, ko kan ƙaramin janareta an jona dutsen guga, gwada faifan wani lokaci kafin ka yanke masa hukunci.

Yaya ake goge faifai? An ce man goge baki yana maganin karce.

Da ƙyalle mai laushi, daga rami zuwa baki, miƙe. Ba a zagayawa. Rubutun faifai a zagaye yake, karcen da ya bi zagayen yana cinye dogon layi ɗaya, wanda ya ratsa kuwa ɗan kaɗan yake taɓawa a kowane layi, na'ura tana iya cike giɓin da kanta. In akwai maiƙo ko miya, ruwa da ɗan sabulun ruwa, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina, suna cin robar. Gefen riga ma da kowa ke gogewa da shi, in akwai ƙura a jiki, sabon karce yake ƙarawa.

Man goge baki farin nan yakan rage ɗan karce marar zurfi, domin yana ɗan cin robar ne. Ni ba na yi sai an gwada kwafewa an kasa, kuma ba na yi wa faifan da shi kaɗai ne a duniya. Rubutu a baya a yi da maka mai laushin baki, ba biro ba. Takardar da ake mannawa kuwa, in ta karkace ko zafi ya ɗaga gefenta, faifai yakan yi rawa a cikin na'ura, za ka ji tana gurnani.

Na tabbatar na'urar ce. Sai sabuwa?

Ba lallai ba. Duk wanda ya yi hunturu a Zariya ya san yadda ƙura ke shiga ko'ina, daga Nuwamba har Fabrairu, kuma idon na'ura bai fi ƙwayar dawa ba. Sau da yawa shara kawai yake so. Mai gyara zai zare wuta, ya buɗe, ya shafa shi a hankali da auduga da ɗan sifirit. In za ka yi da kanka, kada ka danna, a kan siraran wayoyi yake lilo, kuma kada ka leƙa ido na'ura tana kunne. In an share bai yi ba, ko ido ya mutu ko motar da ke juya faifai ta gaji, duka ana canzawa. Wasu masu gyara sukan murɗa wani ɗan ƙusa su ƙara wa lezar ƙarfi. Tana yi na ɗan lokaci, amma tana gaggauta mutuwar idon, ya kamata a gaya wa mai kaya haka kafin a murɗa. Bayan gyara a dinga rufe ta da ƙyalle in ba a kallo, kada kuma a ɗora ta kan abin da ke fitar da zafi.

Zan iya kawo fim ɗin kasuwa a kwafa mini?

Ni ba na yi. Na ƙasashen waje galibi suna da kulli mai suna CSS, in ka ja fayilolin haka kawai hoto a dagule zai fito. Namu na Hausa ko babu kulli akwai haƙƙi, satar fasaha tana cikin abin da ya karya kasuwar faifansu, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana. Bikinka, karatunka, abin da ka ɗauka da kyamararka, wannan ka kawo.

Faifan ya yi shekaru yana yi, yana cikin kwalinsa, yanzu ya ƙi.

Rinin ne ke tsufa. Rana tana koɗar da shi, zafin bazara yana gasa shi, danshin damina yana shiga ta gefe inda aka manne fallayen biyu. Faifan da aka rataya a madubin mota ko aka bari a kan taga ba a maganarsa. Wani ma garin ɓalle shi daga kwali ake lanƙwasa shi, ya tsage a wajen rami. Emti mai kyau da aka adana a inuwa, a tsaye cikin kwali, yakan daɗe. Marar kyau kuwa ko a ina ka ɓoye shi sai ya ci kansa.

In ya fara cijewa, daina kallonsa, kai shi kwamfuta yau. Kwafe VIDEO_TS gaba ɗaya. In ta tsaya a wani VOB, tsallake shi ka kwashi sauran, sannan ka dawo masa da IsoBuster, wadda ke iya wuce gurbin da ya lalace ta ci gaba. In wannan injin ya kasa, gwada wani, domin injinan kwamfuta ba ƙarfin ido ɗaya gare su ba. Na sha ganin faifan da ya gagari uku na huɗu ya karanta shi. Manhajar VLC tana kunna VOB kai tsaye, HandBrake kuma tana mayar da shi MP4.

Wani dattijo daga cikin Birni, wajen Ƙofar Doka, ya kawo mini na hawan sallah tun zamanin marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya rasu a 2020. Mahaifinsa na cikin mahaya. Gefen faifan ya riga ya yi dabbare-dabbare. Kwana biyu injin yana fama, muka sami kusan duka, ban da 'yan mintuna na ƙarshe. Na ce, "Baba, a sa a wuri biyu, ɗaya a filas, ɗaya a wayar ɗaya daga cikin yara." Ya ce a yi uku, akwai ƙanwarsa da ke aure a Giwa.

Na mayar da shi filas, amma DVD ta ƙi ganin filas ɗin.

Yawancin na'urorin nan tsarin filas mai suna FAT32 suka sani, ba sa gane NTFS ko exFAT, kuma manyan filas da exFAT suke zuwa daga kanti. Kwashe abin da ke ciki ka ajiye a kwamfuta, ka mayar da shi FAT32, sannan ka sake turawa. Ƙaramin filas, na gigabait 8 ko 16, ya fi saurin karɓuwa. MP4 ɗin da HandBrake ta yi zai yi a waya da sabuwar talabijin, amma don tsohuwar DVD sai an juya shi AVI na Xvid, faɗi 720. FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, in naka ya wuce a raba shi biyu kafin a tura.